Darasi na Tara: Haɗa Sabon Rediyo a Mota da Gano Inda Cuta Take

Duk wanda ya taɓa wuni a rumfar masu wayarin mota a Lamashegu ta Tamale ya san irin wannan baƙon. Zai faka motarsa a bakin rumfa, ya fito riƙe da rediyo, wayoyi na reto a bayansa kamar saiwar albasa, ya ce, "Masta, ya ƙone. Nawa ne sabo?" Mai tsoron Allah a cikinmu ba ya saurin faɗin kuɗi. Sai ya jawo batirin da ke ƙarƙashin benci, ya murɗe jar waya da rawaya wuri ɗaya ya ɗora a kan fozitif, baƙar kuma a kan negetif. Sau da yawa nan take fuskar rediyon za ta kawo haske. Ashe lafiyarsa ƙalau. Cutar tana can cikin mota, kuma da an sayar masa da sabo, ita ce za ta tarbi sabon.

A darasi na takwas mun ga yadda batir ke ajiye wuta da yadda altaneta ke mayar masa da abin da aka ci. Yau dashbod za mu buɗe. Abin da nake so kowa ya fita da shi daga ajin nan guda ɗaya ne: kada ka yanke waya, kada ka haɗa waya, sai mita ta gaya maka ko wace ce.

Wace mota ce a gabanka?

Motocin da ke yawo a Tamale 'yan garuruwa daban-daban ne. Wasu an sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Amurka ko Kanada, wasu daga Koriya ko Jamus, wasu kuma 'yan Japan ne. Kowace da irin wayarinta, kuma kafin ta iso nan ta riga ta bi ta hannun mutum biyu ko uku, a Akara ko a Suame Magazine ta Kumasi. Tun ranar 4 ga Agustan 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motar da aka ƙera don titunan Japan, irin su Toyota Vitz, sai an mayar mata da sitiyari hagu. Wanda ya yi wannan aiki ya ciro dashbod ɗungurungum, ya yanke wayoyi, ya ƙara musu tsawo da duk guntun da hannunsa ya kai gare shi. A irin wannan mota ko zanen wayarin kamfani ba zai fisshe ka ba.

Rediyon da ke zuwa da motar Japan yana da wata ɗabi'a da ke sa a yi masa ƙazafin lalacewa. Zangon FM na Japan ya fara daga 76 ya tsaya a 90, sababbin rediyoyi ne kawai ke kaiwa 95, alhali namu daga 87.5 yake zuwa 108. Mai tsohuwar Vitz zai kama Fiila FM a kan 89.3 tangaran, amma ya murɗa har ya gaji ba zai ji Diamond FM a 93.7 ba, balle Radio Justice a 98.5 ko Zaa Radio a 99.3. Akwai wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana da ake sanyawa tsakanin eriya da rediyo, tana sauko da tashoshi ƙasa da wata lamba da aka rubuta a jikinta. Idan mai 14 ce, Zaa za ta bayyana a 85.3. Tana biyan buƙata, sai dai sauti kan yi rauni, tashoshi kan hau juna. Yawancin masu motar gajiya suke yi su ce a cire a sa sabo, a nan aikinmu yake farawa.

Ka auna ramin kafin a je kasuwa. Faɗin rediyon kasuwa milimita 180 ne, tsayinsa 50, mai allon taɓawa kuma 100. Ka kuma dubi batir. Ƙananan motoci bolt 12 suke amfani da shi, manyan motocin kaya kuwa batir biyu ne a jere, bolt 24. Rediyon 12 da aka ba wa 24 shi kam ya ƙone da gaske. Wasu kan ɗebo masa wuta daga batir ɗaya cikin biyun, rediyo ya yi aiki, amma batir ɗin nan ya riga ɗan'uwansa mutuwa. Na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 ita ce hanya.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar gwaji, filaya, sukundireba, sifana mai lamba 10 don kan batir, ƙarfen liƙi da dalma, robar sanya wa waya mai tsukewa idan ta ji zafi, samfefa, farin tef da biro don rubuta sunan kowace waya, da batirin tocila guda ɗaya mai bolt 1.5. Fitilar gwaji irin ta dā, mai kwan fitila a ciki, ku ajiye ta don tsofaffin motoci. A sababbi tana jan wutar da za ta iya lalata kwamfutar mota.

Wayoyi uku da ran rediyo ke hannunsu

Idan ka juya bayan sabon rediyo, Pioneer ne ko Sony ko Kenwood ko JVC, za ka ga damin wayoyi kusan goma sha shida. Kada yawansu ya ba ka tsoro. Kamfanonin nan launi ɗaya suke bi, kuma uku ne kawai ke ba shi rai.

Rawaya ita ce wayar batir. Dole ta kasance da wuta dare da rana, ko da makulli yana aljihun direba. Ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye, kuma a yawancin rediyoyi ta nan babbar wutar sauti take shiga. Ja ita ce wayar makulli. Aikinta ta tashi rediyo idan an murɗa makulli, ta kwantar da shi idan an zare. Baƙa ita ce wayar bodi, hanyar da wuta ke bi ta koma batir, domin a mota ƙarfen jikinta gaba ɗaya shi ne negetif.

Bayan waɗannan akwai shuɗiya, mai ba eriya wuta, da shuɗiya mai ratsin fari, mai tayar da amfilifaya. Waɗannan biyu wuta suke fitarwa daga rediyo, 'yar kaɗan, don haka ba a ɗora musu fanka ko fitilar ado. Ruwan goro tana zuwa layin fitilun dashbod, don fuskar rediyo ta rage haske da dare. Sauran takwas na sifiku ne, bibbiyu: farare gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koraye baya hagu, shunayya baya dama. A kowace biyu, mai ratsin baƙi ita ce negetif.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan launi na rediyon kasuwa ne. Kamfanin mota bai yi wa kowa alkawarin bin sa ba. Ɗauki Corolla ko Camry ta shekarun 1990 da farkon 2000. A yawancinsu wayar batir shuɗiya ce mai ratsin rawaya, ta makulli ruwan toka ce, ta bodi ruwan ƙasa. Akwai ja da rawaya da baƙa a soket ɗin kuwa, suna nan suna kallonka, amma dukkansu na sifikun baya ne. Yaron da ya ga ja ya haɗa da ja, ya ga rawaya ya haɗa da rawaya, zai sha mamaki: rediyo ba zai tashi ba, ruwan tokar mota kuma, mai ɗauke da bolt 12, zai kai ta bakin da sauti ke fitowa. Kama da wane ba ta wane.

Motocin Turai sun ɗan sauƙaƙa, suna da soket mai gida biyu, ɗaya na wuta ɗaya na sifiku, kowane rami da lambarsa: na 4 batir, na 7 makulli, na 8 bodi. Amma a Volkswagen da Opel da yawa an musanya 4 da 7. Shi ya sa a kan ja da rawayar wasu rediyoyi za ka ga mahaɗa da ake zarewa a sauya. Idan ana samun soket ɗin da ya dace da motar a kasuwa, a saya. Ya fi yanke na kamfani, domin ran da mai mota zai sayar da ita, ko ya sake rediyo, zarewa kawai za a yi.

Yadda ake tambayar waya sunanta

Juya mita zuwa V mai miƙaƙƙen layi, a kan 20. Fara da batir kansa: cikakke yana nuna kusan 12.6 idan inji na kashe, tsakanin 13.8 da 14.4 idan yana aiki. In batir ya gaza 12, caja shi tukuna, in ba haka ba duk awon da za ka yi ƙarya zai gaya maka.

Ɗora baƙin tsinken mita a kan ƙarfen mota mara fenti. Zare makulli. Bi ramukan soket ɗaya bayan ɗaya da jan tsinke. Wadda ta nuna 12 ita ce ta batir, naɗa mata farin tef ka rubuta. Murɗa makulli mataki ɗaya, ka sake bi. Wadda dā ba ta da komai yanzu ta kawo 12, ita ce ta makulli. Kunna ƙananan fitilu, ka sake bi. Wadda ta farka yanzu ta fitila ce.

Wannan mataki na uku shi yara ke tsallakewa, ni ma na tsallake shi. Ina yaron gareji, maigidana ya bar mini wata tasi ya tafi jana'iza. Na nemi wayar bodi da ƙarar da mita ke yi idan ta ga hanya zuwa bodi, na sami wata da ta yi ƙara, na haɗa da baƙar rediyo. Rediyo ya tashi, direba ya ji daɗi har ya ba ni na koko, ya kama hanyar Yendi. Da magariba ta yi ya kunna fitila, sai dashbod ya yi duhu, fitilun baya suka mutu. Ya sa sabon fiyus, shi ma ya tsinke. Haka ya lallaɓo cikin dare, manyan motoci na danno masa hon a baya. Wayar da na ɗauka ta bodi ashe ta fitilun dashbod ce. Idan fitilu na kashe, mita tana bi ta cikin kwayayen fitila ta isa bodi, sai ta yi ƙara kamar gaske. Da aka kunna fitila kuwa, wutar ta bi ta jikin rediyo ta faɗa bodi kai tsaye. Washegari maigida bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini mita ya ce, "Kunna fitila ka sake aunawa." Sannan ya cire kuɗin fiyus da na man direba daga abin da yake ba ni.

Tun daga ranar ba na neman wayar bodi a soket idan ina da shakka. Nakan sami noti a ƙarfen da ke bayan dashbod, in goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, in sa wa baƙar waya zobe in ɗaure tam. Kada ka dogara da eriya ta zama bodi. Rediyo zai tashi ta nan, amma da ƙugi, kuma wayar eriya ba ta ɗaukar nauyin.

Gargaɗi guda kafin mu wuce. Duk soket ko damin waya da ka ga an lulluɓe da rawayar roba, musamman a gindin sitiyari, ƙarƙashin kujera da gaban fasinja, na jakar iskar kariya ne. Ba ruwanka da shi, kada tsinken mita ya kusance shi. A sababbin motoci kuma wani lokaci ba za ka sami wayar makulli a bayan rediyo ba sam, domin kwamfuta ce ke aika wa na kamfani saƙon tashi ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe da juna. Kada ka taɓa su. Ɗebo wutar makulli daga akwatin fiyus, a layin wurin kunna sigari.

Idan ka gama awo ka rubuta sunaye, cire kan negetif na batir, sannan ka fara yanka da haɗi.

Sifiku

Wayoyin da suka rage, waɗanda ba su nuna wuta a kowane hali ba, a cikinsu na sifiku suke. Ɗauki batirin tocila, ka taɓa waya biyu a kawunansa, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Sifikar da ta ce "ɓus" ita ce mai su. Idan kana ganin takardar sifikar, lura: in ta turo waje, wayar da ke kan fozitif na batirin ita ce fozitif. In ta shige ciki, juya. Banda ƙananan sifiku masu siririn sauti, ba sa jure wannan gwaji.

Juya fozitif da negetif a sifika ɗaya ba ya ƙona komai, shi ya sa ake raina shi. Amma ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai su cinye wa juna nauyin sauti, ganga ta koma kamar ana bugun kwano. Gwajin mai sauƙi ne: mayar da sauti ɓangare ɗaya kawai. In ya fi kauri a kan lokacin da yake tsakiya, ɗaya a juye take.

Abin da ke ƙona rediyo shi ne haɗa negetif ɗin sifika da bodi. A rediyon zamani duka wayoyi biyu na kowace sifika suna da wuta, kusan rabin ta batir, kowace tana tura nata. Ba a haɗa su da bodi, ba a haɗa negetif ɗin wannan da na waccan. Tsofaffin motocin da suka zo da waya ɗaya a kowace sifika sai an ja musu sababbi. Wayar sifikar da ba a yi amfani da ita ba kuma a rufe bakinta ita kaɗai.

Yanzu maganar masu keke mai ƙafa uku, wato yalo-yalo, da wasu direbobin tasi, da ke so a ji su tun daga Aboabo har Sakasaka. Sifikar mota om 4 ce, kuma don ita aka gina rediyo. Idan ka ɗora biyu a layi ɗaya, fozitif da fozitif, negetif da negetif, sun koma om 2, rediyo zai ja ninkin wutar da ya saba. Zai yi ƙara na ɗan lokaci, bayansa ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, sannan ya yi shiru. Shi kuma "50W x 4" da ke jikin kwali, mu yi masa lissafin darasi na takwas. Bolt sau amfiya shi ne wat. Fiyus ɗin bayan rediyo yawanci amfiya 10 ne. 14 sau 10 ya ba da 140, kuma wani kaso mai yawa zafi yake zama. Ta ina 200 za ta fito? Abin da kowace sifika ke samu a tsaye bai wuce wat 20 da 'yan kai ba. Mai son ƙarar da ta fi haka amfilifaya yake buƙata.

Ita amfilifaya ba a ɗebo mata wuta daga bayan rediyo. Kakkaurar waya ake ja daga batir, a sa mata fiyus kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Wannan fiyus motar yake karewa: in wayar ta goge ta taɓa bodi babu shi, za ta yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin kafet. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa roba. Wayar bodinta gajera, kaurinsu ɗaya da ta wuta. Wayoyin sauti su bi ɗaya gefen motar, nesa da ta wuta. A kula da wayar kasuwa mai araha, kauri duk roba ne, cikinta kuma alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa, in ta yi fari ka gane.

Haɗin da zai jure Tamale

A murɗe waya biyu a naɗe da baƙin tef, wannan haɗin rumfa ne, ba ya kai shekara. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan kai digiri 40 a inuwa, balle cikin dashbod ɗin motar da aka rufe a rana. Gam ɗin tef narkewa yake, tef ya zame, ƙurar hunturu ta manne a wurin, gargadar hanyoyin ƙauye ta ƙarasa sauran. Ka zura robar tsukewa tukuna, ka murɗe wayoyin a miƙe, ka liƙe da dalma har ta shige cikin zaren, ka jawo robar ka gasa. Ja haɗin da hannu. In ya zare a hannunka, ka gode Allah da bai zare a hanya ba. Ɗaure damin da igiyar roba, kuma kada ka cusa shi a kan ƙarfen bayan rediyo, ta nan yake fitar da zafi.

Kafin ka mayar da sukurori, mayar da kan batir ka gwada komai: kowace sifika ita kaɗai, fitila a kunne, inji a kunne, sannan ka zare makulli ka mayar ka ga ko tashar da ka ajiye tana nan.

Abin da mai mota zai ce, da abin da yake nufi

"Ba ya kawo wuta ko kaɗan." Fiyus uku ne: na bayan rediyo, na layin batir, na layin makulli. Auna su da mita, ido yana ruɗi. Fiyus ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Wanda ya tsinke a mayar da irinsa. In ya sake tsinkewa akwai wayar da ke taɓa bodi, a neme ta. Mai naɗa wa fiyus zaren waya ko takardar sigari gobara yake kira.

Wani lokaci mita za ta nuna 12 a rawaya da ja, amma rediyo ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu da an ƙara sauti. A nan sai a auna yana haɗe, yana kunne. Wayar da saura zare biyu ya riƙe ta za ta nuna 12 idan ba a jan komai, da an ɗora mata nauyi sai ta zube zuwa 8 ko 9. Haka za ka gwada bodi: tsinke ɗaya a baƙar waya, ɗaya a negetif na batir, rediyo na kiɗa. In ta wuce 0.2, bodin ba shi da kyau.

"Kullum da safe sai na sake neman tasha." An juya ja da rawaya, ko rawaya ba ta samun wutar dindindin.

"Tun da aka sa rediyon nan batirina ke mutuwa." An haɗa ja da rawaya a layin batir, rediyo ba ya barci. Ko rabin amfiya yake ja, cikin kwana biyu ya sha amfiya-awa 24 daga batirin da ke ɗaukar 45. Don tabbatarwa, kashe komai, rufe ƙofofi, cire kan negetif, sa mita a kan amfiya 10 tsakanin kan da batir, ka jira mintoci kwamfuta ta kwanta. Lafiyayyar mota ba ta cika wuce 0.05 ba. Zare soket ɗin rediyo, in lambar ta faɗi ka kama ɓarawon. Kada ka tayar da inji mita na haka.

"Yana haske amma ba magana." Zare soket ka auna kowace sifika a kan om. Lafiyayya tana nuna tsakanin 3 da 4. Sannan auna tsakanin kowace wayar sifika da bodi, bai kamata mita ta ga hanya ba. In ta gani, rediyo ya kulle kansa ne don kada ya ƙone. Kenwood yakan rubuta PROTECT, Pioneer kuma AMP ERROR. Fara duba cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, nan wayoyi ke karyewa saboda buɗewa da rufewa. Wasu motocin Amurka kuma suna da amfilifayar kamfani a ɓoye, ba za ta tashi ba sai an kai mata shuɗiya mai ratsin fari.

"Yana kuka in na taka totur." Kukan altaneta ne, yana hawa da sauka tare da inji. Kafin ka sayi na'urar tace ƙara, gyara bodi, ka raba wayar sauti da ta wuta, ka goge kawunan batir.

"Filashi na yi, tasha ba ta kamawa." Eriya ce. Ko ba a soka ta ba, ko kuma irin wadda ke jikin gilashin baya ce, mai buƙatar wuta daga shuɗiyar waya. Zare cajar waya mai araha daga wurin sigari ka sake saurara, sau da yawa ita ce ke danne FM.

Rediyo mai allo yana da ƙarin waya ta burkin hannu, wadda ke hana bidiyo fitowa mota na tafiya. Za a roƙe ka ka haɗa ta da bodi don fim ya riƙa yi a hanya. A garin da babura da kekuna suka cika titi kamar namu, ni ba na yi, kuma ba na koya wa kowa.

Aikin gwaji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni zai sami soket ɗaya da muka ciro daga tsohuwar mota, haɗe da batir da makulli da fitila a kan allo. Na riga na sauya launin wasu wayoyin da gangan. Ku gano ta batir, ta makulli, ta fitila da ta bodi, ku rubuta lambar da mita ta nuna a kowane hali, sannan ku ware sifiku huɗu da batirin tocila. Ba wanda zai haɗa rediyo sai na ga takardarsa.

A gida kuma ku amsa waɗannan. Direban tasi ya ce rediyonsa na mutuwa duk lokacin da ya kunna fitila, wace waya za ku fara tuhuma, kuma don me? Mai yalo-yalo yana da sifika shida masu om 4 da rediyo mai layi huɗu, me za ku gaya masa? In na'urar sauko da tasha mai 14 ce, a wace lamba Radio Justice za ta fito?

Mako mai zuwa za mu shiga fitilu da hon. Kowa ya zo da mitarsa da sabon batir a cikinta, wanda bai saya ba tukuna ya gaya mini kafin Alhamis in aro masa.